Ana ce wa gidanmu gidan bola saboda sana'ata: in haƙura ne?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 27, ina zaune da iyayena a Jos. Na karanci fasahar zane da tsara kaya a jami'a, ɓangaren saƙa da rini, na gama bautar ƙasa shekara uku ke nan. Tun ina makaranta hannuna ya faɗa kan sarrafa abin da mutane suka yar. Tsohuwar taya nake wankewa in naɗe ta da igiyar rama, ta zama kujera ko ɗan teburin falo. Ƙwarya nake hudawa da zane in yi murfin fitila. Ledar fiya wata nake yankawa siri-siri in saƙa ta da kaba in fitar da jaka da faifai. Ƙyallayen teloli kuma in haɗa in yi matashi, wani lokaci in rina da baba ko ɓawon albasa. Yawancin masu saye 'yan Abuja ne, ta Instagram suke samu na. Wani watan in samu abin da ya fi albashin ƙawayena, wani watan ko sisi.

Kayan aikina a tsakar gida suke, yaran jari-bola kuma a ƙofar gida suke sallama in sun kawo mini kaya. Yanzu a unguwa gidan bola ake ce wa gidanmu. Baba dattijo ne mai ritaya, har a masallaci aka yi masa shaguɓe. Bai ce in daina ba, amma ya daina tambayata yaya aiki, alhali da shi ne mai fara yaba abin da na gama. Mama kullum cikin faɗa take, wai na tara mata sauro da ɓeraye. Yayana ya samo mini aikin ofis a wani kamfani a Abuja, albashin ba yawa amma tabbas ne, suna jiran amsa kafin ƙarshen wata. Wanda zan aura, a nan Jos yake aiki, an sa mana rana bayan babbar salla. Da shi yake kai ni ɗauko taya a motarsa. Yanzu ya ce mahaifiyarsa ta ji ana ce mini 'yar bola, ta ce ba a gidan ɗanta ba, don haka in haƙura in bari "zuwa wani lokaci". Ga wata mai shago a Abuja ta karɓi kayana wata huɗu ba ta biya ba, sai gani na yi a hoto ta cire sunana ta manna nata.

Anti, in na zauna saƙa mantawa nake da yunwa da lokaci. Amma na fara tunanin ko son zuciya ne ke ja na, tunda kowa ya koma gefe guda ni kaɗai gefe guda. In karɓi aikin ne in huta?

'Yarki, daga Jos

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya neman shawara kafin ki yanke. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma cikin duk abin da kika lissafa, shirun Baba ne ya fi tsaya mini a rai. Zan zo kansa. Amma bari in fara cire miki ƙayar da ta soke ki, don na ga kin fara zargin kanki.

Ba son zuciya ke jan ki ba. Sana'a ce a hannunki, kuma tsohuwar sana'a ce a wurinmu, sabon salo kawai kika ba ta. Ina yarinya a Gangare, kakata kan aike ni wurin masu zubin tukunya in karɓo mata aiki. Sai in tsaya ina kallo: mutumin ya kifa tukunya cikin akwatin katako, ya cika da yashi mai danshi, ya tattake, ya zare ta a hankali, siffarta ta zauna a yashin. Gefe guda yaro na zuga wuta, gwangwanaye da fasassun kwanuka suna narkewa har su koma kamar ruwan azurfa. Ya ɗebo ya tsiyaya ta wata 'yar kafa, a ɗan jira, a fasa yashin, sai ga sabuwar tukunya tana tururi. Babu amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu ba tare da irin wannan tukunyar ba, kuma kowa ya san daga inda ƙarfenta ya fito. Haka aci-balbal ta gwangwanin madara da muka yi karatun dare da ita, haka gugan da ake ɗinkawa da tsohon tub, haka takalmin taya da manoma da makiyaya suke shekara da shi. Kaba da rama da ƙwarya da baba kuwa ai gadonmu ne. Je ki Naraguta ki ga yadda ake mayar da ɗanyar fata, abin da mutum zai toshe hanci in ya wuce, ta zama jaka da fulo da baƙi ke saye su tafi da su ƙasashensu.

Ko a addini kina da madogara. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wata tunkiya da ta mutu, ta wata 'yantacciyar baiwar Nana Maimuna, ya tambayi me ya hana su ɗauki fatarta su jeme su amfana da ita. Nana Zainab bintu Jahsh kuwa, matarsa, an san ta da jima da ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu. Ki riƙe wannan a zuciyarki don ki samu natsuwa. Ban ce ki je ki karanta wa surukarki shi kamar mai wa'azi ba.

In kina da naira 20 a jaka, ki juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tulu Ladi Kwali ce, 'yar ƙauyen Kwali da ke cikin yankin Abuja a yau, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana ƙarama. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ke tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, wadda Baturen nan Michael Cardew ke jagoranta. Daga nan aka fara kai tukwanenta baje koli Landan, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Yumɓu ne jarinta. Akwai kuma El Anatsui, ɗan Ghana da ya shafe shekaru da dama yana koyarwa a jami'ar Nsukka tun daga 1975, wanda ke haɗa murafen kwalabe da wayar jan ƙarfe su zama manyan labule masu rufe bango, har aka ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin zane na birnin Venice a Italiya a 2015. Na kawo su ne don wani abu guda da nake so ki lura da shi: dukkansu suna da wurin aiki na musamman, da mataimaka, da hanyar da kaya ke bi su isa ga mai saye. Baiwa kina da ita. Tsarin da ke ɗaukar baiwa ya mayar da ita abin dogaro ne ba ki kafa ba tukuna, kuma kusan duk rigimar da ke cikin wasiƙarki daga nan ta taso.

To, Mama tana da gaskiya, kuma ina so ki faɗa mata haka da bakinki. Taya in ta kwana a fili da damina ruwa take riƙewa a cikinta, ko kin kifa ta ba ya fita duka, sauro kuma ba shi da wurin ƙwai da ya fi wannan. Kin san daminar Jos, daga wajen Afrilu har Oktoba ba a rabuwa da ruwa. Tarin leda da ƙyalle kuma ɗakin ɓera ne. Tsakar gida ta Mama ce, nan take shanya, nan take karɓar baƙi, nan maƙwabta ke leƙowa su auna tsabtarta. Shekara uku tana haƙuri da kayan da ba ita ta tara ba. Don haka abin da ya wajaba, tun kafin maganar aure ko ta Abuja, shi ne ɗanyen kaya ya bar gidan nan. Ki nemi ɗan shago ko rumfa, ko ki raba haya da wata tela ko wani kafinta amintacce da Yaya ya sani, ko a wajen Katako ne ko a bakin unguwarku. In kuɗin haya bai samu yanzu ba, ki roƙi wani ɗan uwa mai kango ko garejin da ba a amfani da shi. Gida kuwa, abin da aka gama aka goge ne kaɗai zai riƙa shigowa.

Sannan ki sake hanyar da kaya ke zuwa miki. Me ya sa sai abu ya faɗa bola kafin ya iso hannunki? Ki tare shi tun a hanya. Masu faci suna da tayoyin da suka rasa yadda za su yi da su, ki daidaita da biyu ko uku su riƙa ajiye miki masu kyan jiki. Ki ba teloli buhu da sunanki a jiki, duk Asabar a karɓo. Ledar ruwa kuma a makarantun Islamiyya da wuraren biki ake tara ta da yawa kuma da tsabta, ki ajiye musu buhu su ma. Kin rage wanki, kin rage ƙazanta, kuma in wani ya ce daga bola kike ɗebo kaya, kina da amsar da take gaskiya. Yaran da suka saba kawo miki kada ki yar da su, neman halal suke kamar ke. Ki mayar da su masu karɓo miki buhunan nan, ki biya su ladan da ya dace, su kai shago maimakon ƙofar gidan Baba. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: duk wani ƙarfe ko waya da ba ki san asalinsa ba, kada ki saya ko da kyauta ne. A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja sun hana 'yan jari-bola yawo a cikin birni, suka rufe kasuwannin panteka na mako biyu saboda satar murafen magudanan ruwa da kayan gwamnati. Irin wannan labarin ne ke cikin kunnen mutane in sun ji kalmar bola, shi ya sa sunan ke da zafi haka.

Ki kula da jikinki ma. Safar hannu da takunkumi lokacin wanke taya da goge ƙwarya, allurar rigakafin tetanos in kin daɗe ba ki yi ba, kuma kada ki taɓa ƙona taya ko narka leda a rufaffen wuri. Jarkar maganin feshi ko ta guba ba ta sarrafuwa, ki bar ta. Murfin fitila na ƙwarya kuwa, ki faɗa wa duk mai saye ƙwan LED kaɗai za a sa masa, don ƙwai mai zafi na iya babbake busasshiyar ƙwarya. Tunda kin yi karatun rini kin san baba ba ya buƙatar abin kama launi, amma ɓawon albasa a kan auduga sai an fara jiƙa yadin a ruwan bagaruwa sannan alif, in ba haka ba wanki biyu launin ya gudu. Mai saye ɗaya da matashinki ya ɓata wa kujera zai iya kore miki goma.

Yanzu maganar kuɗi, kuma a nan zan ɗan matsa miki. Kin ce wani watan kin fi ƙawayenki samu, wani watan ko sisi. Wannan ba lissafi ba ne, 'yata, kuma da irin wannan amsar babu yadda za ki gamsar da Yaya, ko ki gamsar da kanki. Cikin makon nan ki sayi littafi, ki buɗe saƙonnin bankinki da hirarrakinki da masu saye na wata goma sha biyu da suka wuce, ki rubuta duk abin da ya shigo. A ɗaya shafin ki rubuta duk abin da ya fita: igiya, gam, kaba, soso, kuɗin Keke, data, kwali, kuɗin aike a tasha, har kayan da suka fashe a hanya kika sake yi. Sai abin da masu sana'ar hannu suka fi mantawa, wato ladan hannunki. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne. In kika raba shi da ranakun aiki 22, ya ɗan haura naira 3,000 a rana. Kujerar da ta ci miki kwana biyu ke nan akwai sama da naira 6,000 na guminki a cikinta tun kafin a zo kan igiya da riba, kuma wannan ma'aunin wanda bai yi karatu ba ne, ke kin fi haka. Da yawa cikin masu irin aikinki suna karya farashi da kansu, wai ai tayar kyauta aka samo. Mai saye ba taya yake biya ba, idonki da hannunki yake biya.

Littafin nan zai nuna miki wani abu kuma: wane kaya ne ke ciyar da ke, wane ne ke ɗaga sunanki. Ina kyautata zaton faifai da ƙananan jakunkuna sun fi fita akai-akai, murfin fitila da teburi kuma su ne ke jawo ido. Ƙananan nan su za ki mayar abin yau da kullum. Ki nemi masu shirya biki da ke neman kayan rabo, da masu otal da wuraren cin abinci a Rayfield da Abuja da ke son adon gargajiya. Oda ɗaya ta faifai ɗari ta fi miki jiran mutum ɗaiɗai a Instagram. In irin wannan ta samu, ki ɗauki mata biyu masu saƙar kaba ki koya musu salonki ki biya su a kan kowane guda. Ranar da matan unguwa suka fara karɓar kuɗi daga hannunki, za ki ji yadda sunan da ake kiran gidanku zai fara sauyawa. Kuma daga yau babu aikin da za ki fara sai an ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi.

Ita mai shagon Abuja, ki fara da kyautata zato amma a rubuce. Ki tura mata saƙo cikin ladabi, ki jera kayan da ta karɓa da ranar da kuɗinsu, ki tambaye ta nawa aka sayar nawa suka rage, ki ba ta mako biyu ta biya na waɗanda suka fita ta dawo da sauran. Mai yiwuwa kayan ba su tafi yadda ta zata ba ga hayar Abuja a wuyanta, to sai ta faɗa, ku tsara biya kashi-kashi. In ta yi kunnen uwar shegu, Yaya yana garin, ya je da kansa da kwafin saƙon. In hakan ma bai yi ba, wasiƙar lauya guda kan isa. Cire sunanki kuwa ki gaya mata kai tsaye ba ki yarda ba. Akwai masu sana'a da ke yi wa shaguna kaya ba tare da sunansu ba, amma da yarjejeniya ake yi kuma farashinsa daban ne. Gaba, tambarinki ya zama abin da ba ya ɓantaruwa: ki ƙona shi da ƙarfe a cikin ƙwarya, ki saƙa shi cikin faifai, ki ɗinke shi a bakin matashi. Ki yi wa sunan sana'arki rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ki buɗe masa asusun banki daban, ki riƙa ɗaukar hoton kowane sabon zane da kwanan wata. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare ayyukan fasaha, amma mai shaida a hannu ne ke cin moriyarta.

Aikin da Yaya ya samo, kada ki ɗauke shi a matsayin raini ga sana'arki. A wannan zamanin mutum ya buga ƙafa ya samo wa ƙanwarsa gurbi, ƙauna ce tsantsa, kuma tsoronsa a fili yake: kada ki saki reshe ki kama ganye. Sai dai akwai tambayar da ban ga kowa ya yi ba a gidanku. An sa ranar aurenki bayan babbar salla, mijin kuma a Jos yake. To aikin Abuja na wata nawa ne? In za ki karɓa ki ajiye bayan 'yan watanni, kin ɓata wa Yaya fuska a wurin waɗanda suka yi masa alfarma, kin kuma watsar da masu sayenki a banza. Ki zauna da shi da littafinki. Ku cire kuɗin mota daga albashin, don in a Kubwa ko Lugbe ko Mararaba za ki zauna, zirga-zirga kaɗai za ta ci kaso mai tsoka, ku cire abinci, ku ga abin da ya saura, ku gwada shi da matsakaicin abin da sana'arki ta bar miki a wata. In tazarar ba ta da yawa, ni a ganina ki ba shi haƙuri, ki roƙi wata shida na gwaji da sabon tsari, ki yi masa alƙawarin nuna masa littafin duk ƙarshen wata. In kuwa lissafi ya nuna shekara guda kina aiki ne kina cin uwar kuɗi, to ki karɓi gaskiya, ki nemi abin da zai riƙa shigowa duk wata. Amma ki fara dubawa a Jos: makarantu masu zaman kansu suna neman malaman zane da sana'ar hannu, kuma aikin da ake tashi da azahar zai bar miki yamma da ƙarshen mako. Neman albashi ba ya nufin kin binne baiwarki.

Sai wanda za ki aura. Ban ɗauke shi mayaudari ba. Mutumin da ya ɗora tsofaffin tayoyi a motarsa saboda ke ba ya ƙyamar aikinki, an dai matse shi ne tsakanin mahaifiyarsa da ke, ya nemi kalmar da za ta kashe wutar yau. Amma "zuwa wani lokaci" ba ta da rana ba ta da wata, kuma na ga mata da yawa da suka shiga ɗaki da irin wannan kalmar, shekara goma keken ɗinkinsu na ƙarƙashin gado. Tun ran gini ran zane. Ki same shi cikin natsuwa, ba a waya ba, ki tambaye shi takamaimai mene ne Hajiya ba ta so. Tara kaya a gidan ɗanta ne? Wannan kin riga kin magance da shago. Yara maza su riƙa sallama da matar aure ne? Sai ki sa ƙaninki ko wani yaron gida ya zama shi ke karɓa. Yawan fita ne? A tsara ranaku. Ko kuwa sunan ne kawai ya dame ta? Kowanne da maganinsa, amma sai an san ciwon. Kada ki ce masa ya zaɓa tsakaninki da ita, kada kuma ki bari kalma marar daɗi a kanta ta fito daga bakinki, ko a gaban ƙawa.

Ki tuna Hajiya ji ta yi, ba ta gani ba. Abin da ke idonta mace ce da buhu a kafaɗa tana tonon juji, kuma babu uwar da za ta so wa ɗanta haka. Ki zaɓi mafi kyan abin da hannunki ya taɓa yi, ni da matashi biyu rinin baba da faifai mai kyau zan fara, ki bar taya tukuna. Ki naɗe su da kyau, Mama ta aika ta hannun wata gwaggonki mai bakin magana a matsayin gaisuwa. Kada a yi dogon bayani. In ta tambayi inda aka saya, sai a ce aikin hannun 'yarta ne. Gani ya kori ji. In zuciyarta ta sauko, sai maganar ci gaba da sana'a bayan aure ta bi ta hannun manya, waliyyinki ya faɗa wa nasa kafin ɗaurin aure, kowa ya ji da kunnensa. In kuwa bayan duk wannan shi da kansa ya ce ba ya so ko ta wace siga, to gara ki sani yanzu. Sai ki yi istihara, ki shawarci iyayenki, ki auna da idonki a buɗe. Abu biyu ne ban yarda ki yi ba: ki ce kin bari alhali kina da niyyar ci gaba a ɓoye, ko ki shiga da tunanin za ki juya shi daga baya.

Na dawo kan Baba. Dattijon da ya yi aiki ya yi ritaya da mutuncinsa, babu abin da ya rage masa da ya fi sunan gidansa, kuma a sahun salla aka taɓa shi. Duk da haka bai buɗe baki ya hana ki ba. Wannan shirun na mutumin da ke son abin da kike yi ne amma ya rasa abin da zai kare ki da shi a gaban tsaransa. Ke za ki ba shi. Ranar da aka kwashe kaya aka wanke tsakar gida, ki same shi bayan la'asar ki durƙusa ki ce, Baba na ji abin da aka faɗa maka saboda ni, ka yafe mini, ga abin da na gyara. Ki nuna masa takardar rajista in ta fito, ki nuna masa littafin, ki roƙe shi ya riƙa duba miki lissafi duk wata. Masu ritaya da yawa ba abin da ke ci musu rai kamar a daina neman shawararsu.

In ya sake, wata Asabar ki ce ya raka ki gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, ku zaga ɗakin tukwane da gine-ginen ƙasa da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. A nan za ki ba shi labarin kan mutum-mutumin yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok da aka tono a ramin kuza a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye, kafin Baturen nan masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya gan shi ya gane kayan tarihi ne mai matuƙar daɗewa. Baba zai fahimci abin da kike nufi ba sai kin ƙara komai ba. Kujerar farko da za ta fito daga sabon shagon kuma tasa ce: ki yi mata naɗi mai kyau, ki sa mata matashin fata, ki ajiye masa a zaure inda abokansa ke zama.

Kafin ƙarshen watan nan dai abu uku ke gabanki, littafi, kwashe kaya, da zama da Yaya, kuma littafin ne farko don da shi za ki shiga sauran. Bayan salla ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da lissafin ya nuna da kuma amsar da gwaggo ta dawo da ita daga wurin Hajiya. Allah ya sa albarka a hannunki, ya zaɓa miki mafi alheri.

Antinki